Na Cika Fom Ɗin da Biro

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan? Mama da Yaya suna gaishe ka ƙwarai.

Baba, na yi wani abu, kuma gara ka ji daga bakina. Makon nan aka raba mana fom ɗin shiga jami'a, kowa ɗaya tak. A makarantarmu da fensir ake cikawa, a kai wa malaminmu mai ba da shawara ya duba, shi zai bi da biro ya buga hatimi. Na rubuta shari'a, don ina so in karanci dokokin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasa da ƙasa.

Da aka dawo mana da su mu sa hannu, sai na ga ya goge nawa ya rubuta harhaɗa magunguna da fensir. Ko dattin robar bai kakkaɓe ba. A gaban 'yan aji ya ce shekara shida bai taɓa jin muryata ba, wai alƙali zai yi barci ya farka ban gama sallama ba. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi, don ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Da aka fita hutu na goge nasa, na mayar da nawa da biro. Na danna har ya fito ta baya. Yanzu ya rantse ba zai buga hatimi ba, kuma ranar Alhamis ta makon gobe za a tura fom ɗin duka. In aka tura babu nawa, sai baɗi.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan jiki da sauƙi. Mama ta ba ni saƙon da ka yi ta waya, cewa in ba Malam haƙuri in karɓi abin da ya zaɓa. Haƙuri na ba shi. Ɗayan ne ban yi ba.

Tun Litinin, duk hutu sai in je ƙofar ofishinsa in tsaya da fom ɗina. Ba na cewa komai. Ya shiga ya gan ni, ya fito ya gan ni.  Jiya Laraba Shugabar makaranta ta zo wucewa, ta tambaye ni ko gadi aka ɗauke ni. Ta shiga da ni ciki, ta ce in faɗi dalilina a gabansa.

Ka yafe mini, maganarka na yi. Na daɗe da sanin ba yawan aiki ne ya hana ka zuwa gida shekara huɗu ba. Na ji Mama tana gaya wa Yaya cewa fasfonka yana kulle a durowar mai kamfanin da kake yi wa aiki a ƙasar waje, kuma ya ce sai ranar da ya ga dama. Na ce musu na karanta a laburare cewa akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe da ta hana a tsare mutum a aiki dole, amma a gidanmu babu wanda ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Ni ita nake so in koya. Sai da na kai ƙarshen maganata.

Malam ya ce ai irin karatun nan yana jawo wa mutum fitina. Shugaba ta miƙa hannu ta ɗauki hatimin daga teburinsa ta buga da kanta. Ya ɗan karkace, amma ya hau. Yau da safe na ga an rufe ambulan, nawa yana ciki.

Na san tsoro kake ji mini, kuma ban ce za a ɗauke ni lallai ba. In ba su ɗauke ni ba, baɗi ma abin da zan rubuta ke nan. Baba, wannan karon ba izini na zo nema ba. Addu'arka nake so.

'Yarka mai kewarka,
Auta