Itacen Jegon da Inna Ta Tara

Takur, Dutse,
Laraba.

Zuwa ga Yaya Radiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta kewa. Yaya jikin Inna da ƙafar tata? Yaya yara da mutanen Garki? Ina fatan kun gama girbi lafiya.

Yaya, ki samu wuri ki zauna tukuna. Sau uku ina ɗaukar waya, bakina ya ƙi faɗa.

Ba ciki ba ne.

Kin tuna shekara tara da suka wuce, da na yi ɓatan wata sannan jini ya zo, Inna ta ce ba ɓari ba ne, cikin ne ya kwanta, wata rana zai tashi? Shi ya sa da cikina ya fara tasowa bara, babu wanda ya yi tambaya. Loma uku in ƙoshi, muka ce laulayi ne. Na rame, muka ce haka wani cikin yake. Wata goma sha ɗaya ina shafa shi ina yi masa hira, Yaya! Har suna na ajiye masa, Mu'az.

Da numfashi ya fara yi mini wuya, maigidana Malam ya matsa sai na je awo. Wallahi ina kwance ina murmushi, jira nake a ce mini namiji ne ko mace. Mai hoton ta daɗe tana kallon na'urar, sai ta fita ta kira likita. Ashe ruwa ne fal, da ƙari. Aka tura mu Kano, bayan gwaje-gwaje suka ce ciwon daji ne, wato kansa ta ƙwan haihuwa, kuma ta riga ta bazu, mataki na uku. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ji nake kamar labarin wata ake ba ni.

Sun zuƙe ruwan. Ina kallo abin da na yi ta lallaɓawa ya tsiyaye cikin leda. Shekaranjiya aka sa mini maganin farko ta jijiya, kemo suke ce masa, wai gashina zai zube. Bayan na uku za su yi aiki su cire mahaifar gaba ɗaya, in jikin ya yarda. Na tambayi likita ko zan tashi. Ya ce za su yi iyakar ƙoƙari, amma ya so a ce tun bara na zo. Tsoro nake ji, Yaya.

Ke za ki faɗa wa Inna, ni ba zan iya ba. Don Allah kada ki bari ta ɗora wa kanta laifi. Ni ma so nake maganarta ta zama gaskiya.

Na san ta tara mini itacen wankan jego har ya kai rabin katanga. Ki ce kada a taɓa shi. Ko barkar samun sauƙina aka zo mata, ko gaisuwa, za a buƙaci na dafa wa mutane abinci.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Maimuna.