Suwic Huɗu da Karyayyar Ƙafa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Kwana tara da faɗowata daga tsani. Likita ya ce sati shida ba taka ƙafa. Chinelo, abokiyar aikina, ta zo gidana a Muchia da kwamfuta ta haɗa mini hanyar da zan riƙa ganin suwic huɗun asibitin da muke kula da shi a Samaru, ina kwance. Su ne na'urorin da ke haɗa kwamfutocin asibitin gaba ɗaya. Sai na sa kalmar sirri, sannan lamba ta shigo wayata, kafin in shiga.

Ta ce, "Oga Gregory, tsohuwar kalmar nan taka fa, mu kashe ta."

Na ce ta bari sai na warke. Shekara goma sha ɗaya ina amfani da ita, ba abin da ya taɓa faruwa.

Alhamis, 9 ga Mayu
Komai kore a allo, alamar lafiya. Ƙafa na ƙaiƙayi cikin filasta.

Talata, 14 ga Mayu
Goma da rabi na safe Sista Happiness ta kira daga asibitin. Sakamakon gwajin jini ba ya zuwa wurin likita, ga wata mata a ɗakin tiyata ana jiran a san jininta. Chinelo na Kaduna. Har na laluba takalmi kafin na tuna da ƙafar.

Na shiga. Suwic na biyu ya cushe, ƙofa ta 14 da ta 15, wato ramukan da ake soka waya, sai aman saƙonni suke wa juna. Wani ya soka waya ɗaya a ramuka biyu. Waɗannan ƙofofin kuwa ni na rufe su da hannuna bara. Na sake rufewa. Minti uku, Sista ta ce sakamakon ya fito. Ko sallama ba ta yi ba ta kashe.

Matar lafiya, an ce. Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 15 ga Mayu
Chinelo ta buɗe bayanan da suwic ke ajiyewa na masu shiga. 10:12, da sunana, daga cikin asibitin. Ni kuwa ina nan kan gado.

Kingsley ne. Ni na koya masa aiki, ya bar mu shekara biyu ke nan. Firinta ta ƙi aiki, wani a ofis ya kira shi tunda Oga na kwance. Na buga masa waya, ya ce: "Oga, taimako na je yi, wallahi. Na gwada kalmar, sai ta buɗe."

Ni na rubuta masa ita a bayan kwalin waya, a 2019.

Juma'a, 17 ga Mayu
Manajan asibiti ya ce zai kai Kingsley ga 'yan sanda. Da na yi shiru, da shi ke nan. Na gaya masa wanda ya ba da kalmar, da wanda aka ce ya canza ya ƙi. Ya ce daga yau Chinelo ce mai babban izinin shiga suwic ɗin.

Ya yi daidai. Amma da zafi.

Litinin, 10 ga Yuni
An cire filasta. Ƙafar ta rame, kamar ba tawa ba.

Ina so in buɗe ƙofa ta 9 don sabuwar kwamfutar kantin magani, izinina bai kai ba. Na tura wa Chinelo saƙo ina neman ta amince. Sau uku na goge "don Allah", na mayar.

Ta amsa da tambaya: wace kwamfuta, wa zai zauna kanta? Na ga ban sani ba. Na ce ta dakata, bari in tambayo.