Gefen Falmata a Kwano

Daren Laraba, Kara-Kara

A kwano ɗaya muke ci, shi ya sa ba wanda ya lura Falmata, 'yar ƙanena, ta daina cin abinci. Tura tuwonta take gefen ƙannenta, kwano ya ƙare, mu ce alhamdulillahi.

Yau a asibiti lokotoro ya auna nauyinta, ya daɗe riƙe da wuyan hannunta. Ya ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa, a riƙa kawo ta duk mako.

A hanya ta ce, "Gwaggo, ni fa lafiyata lau."

Da magariba na zauna kusa da ita a bakin kwano. Da aka ɗauke kwano, na ga ɗan gurbi a tuwon gefenta, inda ta ɗan gutsura, da shatin yatsunta. Ko na rufe ido, shi nake gani.