Abin da farcen tsofaffi ya gaya mini

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiya, da fatan makwancinki na cike da haske, na zo miki da albishir: na samo wa Hajo wurin zama.

Kin bar mini ita kamar yadda ake barin gona. Ranar da muryarki ta fara shigewa a asibiti, ba ki yi zancen ɗankunnenki ko ɗakinki ba. Cewa kika yi, "Kada ki bari Hajo ta tsufa ita kaɗai." Na amsa da sauri, don a lokacin aminiyar taki na da ƙafafunta, tana ɗaukar kwandon bandar kifi kamar yadda kuka saba tun kuna 'yan mata, ku tsallaka boda ku sayar, ku dawo da atamfa.

Bana da damina ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya karye. Kin san ba ta da ɗa a raye. Na ce ta biyo ni Sakkwato, ta ce ba ta kwana a garin da ba ta jin iskar kogin Kwara. Da na ambaci gidan kula da tsofaffi, dangi suka ɗauki salati, wai boko ya cinye ni. Na tambayi wanda zai ɗauke ta, sai kowa ya tuna ɗakinsa na yoyo.

Gidan farko da aka kwatanta mini a tsallaken boda yake. Inna, da kin ga tayil. Ga fanka, ga talabijin, ga wata madam cikin fararen kaya tana yi mini Faransanci kamar ni na zo da kuɗin ginin. Sun san da zuwana, saboda haka an share, an fesa turare, an jera tsofaffi a baranda kowacce da sabon ɗankwali, shiru kamar masu jiran hoto.

Na durƙusa ina gaishe su, idona ya sauka kan ƙafafunsu. Mata ne irin namu, masu ƙunshi. Amma lallen ya gudu can bakin farce, ɗan ja siriri, sauran duk fari fat. Farcen ƙafa ba ya sauri, kin sani. Wato tun ƙunshin da suka zo da shi daga gidajensu, ba wanda ya sake zama ya ɗora ƙafarsu a cinyarsa. Ana iya share tsakar gida da safe ɗaya, amma farce ba ya jin ana baƙi. Na yi godiya da ɗan Faransancin da nake da shi, na hau kabu-kabu na dawo.

Na biyun a Bagudo yake, hanyar Geza. Gidan wata nas ce mai ritaya, Hajiya Luba, da ta mayar da ɗakunan 'ya'yanta wurin tsofaffin mata marasa kowa. Ban sanar ba, na faɗa musu da hantsi. Tun daga zaure na jiyo faɗa, wata tsohuwa na zargin wata da ɗauke mata goro, Hajiya Luba na ce musu duk wadda ba ta sha maganin hawan jininta ba, babu fura. Zuciyata ta yi fari. Rabona da jin tsofaffi na faɗa da ƙarfinsu tun kina nan.

Na duba ƙafafu, Inna. Ja wur har gindin farce, baki ya fi duhu, tsakiya ya ɗan yi haske, ƙunshi kan ƙunshi. Har wadda ba ta tashi daga gado, diddigenta sumul, ba faso. Wai duk Alhamis ake yi, kuma a nan Hajiya Luba ke gane kumburi ko ƙurji tun bai zama gyambo ba. Na nemi ganin bayan wadda ke kwancen, aka juya ta a gabana ba tare da ɓata rai ba, fata lafiya lau. A banɗaki akwai ƙarfen dafawa da kujerar zama.

Ba aljanna ba ce. Kwanon ɗakin ƙarshe na buƙatar faci, likita sai an je asibitin gari, bakin Hajiya Luba kuwa reza. Na gaya mata zan riƙa zuwa ba sanarwa, ta ce in dai zan riƙe kwanon lalle, in zo ko da asuba.

Jiya na kai Hajo ta gani da idonta. Ta ɗanɗana miyar rana, ta yatsina fuska, ta ce wanda ya banda kifin nan bai taɓa ganin ruwa ba. Kafin la'asar ta sa an jawo mata kujera kusa da murhu tana ba da umarni. Da na ce mu koma, ta ce in je in kwaso mata kaya, ita ba ta barin mutane cikin wannan hali. Sharaɗinta ɗaya: in gaya wa masu kifi a kasuwa cewa aiki ta samu a gari. Na riga na gaya wa biyu, kuma ban ji na yi ƙarya ba.

Jiyan da na fito daga gidan na zauna a mota na yi ta dariya, sai ga hawaye. Ke nake son in fara gaya wa, Innata.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki. Allah Ya ba Hajo lafiya da tsawon rai, Ya saka wa masu riƙe ƙafar da ba ta uwarsu ba. Amin.

Ɗiyarki,
Balkisu