Lambun da Nake Aiki

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki? Yaya Auta da karatu? Ni lafiyata ƙalau, bayana ne kawai yake ɗan gunaguni da yamma.

Na ce miki a lambu nake aiki. Ban yi ƙarya ba, sai dai lambun na makabarta ne. Ina yanke ciyawa, ina kwashe busassun furanni. Jiya wata tsohuwa ta same ni durƙushe ina wanke kabarin mijinta, ta ce ko ɗan cikinta bai taɓa yi masa haka ba. Na yi murmushi kawai. Ban gaya mata ko ganin kabarin Baba ban yi ba.

Na gaji, Mama. Wani lokaci ko addu'a ba na iya ƙarasawa. Amma Ubangijin da zai tashe su ya san inda kowa yake kwance, ya kuma san inda nake. Kafin ya kira ni, kowane kabari zan gyara shi kamar na Baba ne.

Damina ta kusa. Don Allah ki sa Auta ya je ya nome masa ciyawa.

Ɗanki.