Tsawar da Ta Faɗi a Banza

Gangaren Tudu, Keffi.

Zuwa ga ɗiyata Anita a Fatakwal,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Julius. Mu ma lafiya muke, doya ta yi kyau a gonar Gitata. Ki lura da kyau cewa wannan rubutu hannuna ne, ba wanda ya riƙe mini biro. Malama Christy ta ajin manya ta ce a duk ajin ba mai jera layi kamata, ni kuwa ban musa mata ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne katunan wasan sihiri da kika kawo mana da Kirsimeti, waɗanda kika manna wa fassarar Hausa. Tun da kuka watse, ni da mahaifiyarki kullum bayan abincin rana sai mu shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro mu buga. Ba zan ɓoye miki ba, shekaru da yawa ba mu yi hira mai tsawon haka ba. To, yau kwana tara ke nan ba a shimfiɗa tabarmar ba, kuma dokarki ce sanadi.

Ga yadda aka yi, kuma zan faɗa bisa gaskiya. Mahaifiyarki tana da katin Mikiyar Dutse a fili, wadda ta yi ta cin makin raina na wasan har ya rage saura uku. Da juyina ya zo, na biya ƙarfi huɗu cif, na ajiye katin Tsawa, na furta a fili cewa Mikiya nake nufi. Ban rufe baki ba sai ta ɗora katin Mayafin Hazo a kan nawa, ta ɗauke Mikiyarta ta mayar hannu. Ta ce Mayafin katin gaggawa ne, ana sakinsa a kowane lokaci, kuma wai kin koya mata cewa katin da ya hau na ƙarshe shi ke fara aiki. Saboda haka Tsawata ta sauko ba ta tarar da kowa ba. Na ce to a juya ta kan ɗayan katinta, Kunkuru, ta ce na riga na ambaci suna. Na ce a mayar mini da katina da ƙarfina, ta ce wanda ya harba kibiya ba ya kiranta ta dawo. A juyi na gaba ta sake sauko da Mikiyar ta gama da ni, tana dariya har da tafi.

Anita, ina so ki fahimci wanda aka yi wa wannan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja. Ban iya karatu ba a lokacin, amma na san abu guda: fayil ɗin da ya fara zuwa shi ke kwana a ƙasa, na ƙarshe ya hau sama a sa masa hannu, mai na farko kuwa ya yi ta zirya. Kowace safiya, kafin oga ya iso, ni ne nake kifar da tarin nan domin wanda ya riga zuwa ya riga samu. Mutane har gida suka riƙa zuwa yi mini godiya. Yanzu kuma a tabarmata, a gidana, a ce mini na ƙarshe shi ne na farko? Ban yarda ba. Na yanke hukunci a matsayina na maigida cewa daga ranar za a riƙa kifar da tarin katuna kamar yadda na saba.

Mahaifiyarki ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in haka ne katunan gaggawa duk sun zama takardar ƙunshe ƙosai, domin amfaninsu ke nan, mutum ya kare kansa kafin duka ya sauka. Ta ce ita ba ta wasa da alƙalin da shi ma ɗan wasa ne. Ta tattara katunanta ta sa a cikin kwanon da take ajiye daddawa, ta rufe. Tana ba ni abinci, tana gaishe ni, amma da mun gama ci sai ta ɗauki kujera ta tafi wajen maƙwabciyarmu Huraira. Na gwada buga hannu biyu ni kaɗai. Na ci, amma ba daɗi.

Don haka ina neman hukuncinki a rubuce, da dalili, ba wai haka Turawa suka tsara ba. Kwana huɗu na yi ina shirya hujjojin nan, na lalata takarda shida.

Sai dai yanzun nan wani abu ya faru da ya ƙara ɓata mini rai. Mahaifiyarki ta leƙo ta tambayi ranar da zan kai wasiƙar tasha. Na ce gobe da safe. Ta ce madalla, za ta jira sai na miƙa wa direba mota ta tashi, sannan ta buga miki waya ta faɗi nata. Na ce ai ni na riga ta. Ta ce ƙwarai na riga ta, shi ya sa nata zai fara isa.

Na zauna na rubuta miki gargaɗi cewa kada ki ɗauki wayarta sai takardata ta zo. Da na kai ƙarshen layin sai na ga cewa gargaɗin ma a cikin takardar yake, kuma takardar tana cikin mota. Na soke shi, za ki ga wurin. Ba na cewa na yi kuskure. Abin da nake cewa shi ne, in kun gama magana, ki shaida mata cewa na bar kifar da tari har sai an kammala bincike, kuma binciken zai iya ɗaukar shekaru. Ki kuma roƙe ta ta fito da katunan, tun kafin Mikiyar ta kama warin daddawa. Tabarma tana nan na kakkaɓe ta.

Ki gaishe mini da Julius, da ƙanwarki Anjelina in kun yi magana, da ƙanena Natan. Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. In kina da wani katin gaggawa da ke hana Mayafin Hazo aiki, ki aiko mini shi a ambulan dabam, da sunana ni kaɗai.

Ni ne mahaifinki, da hannun kansa,
Boaz Dogara, masinja mai ritaya.