Mudun Malam Isyaku

Litinin, 9 ga Mayu, 1977
Sifili kuma a kimiyya. Malam Isyaku ya ba mu adadin ƙwayoyin zarra, wai mu mayar da su ma'aunin da ake kira mol. Na ninka da lambar nan tasa, 6.02 × 10²³, amsa ta ƙi shiga layi. Ya ce wanda ya faɗi gwajin Litinin mai zuwa ya bar ajin kimiyya. Ni ya kalla.

Laraba, 11 ga Mayu
Wasiƙar abokina Haladu daga Kano. Ana ɗaukar ma'aikata a masaƙarsu, in zo kafin ƙarshen wata. Har rediyo ya saya! Ni kuwa ina nan ina ƙirga abin da ido bai taɓa gani ba. Na gaji, wallahi.

Alhamis, 12 ga Mayu
Na haɗa akwati. Sau uku ina zuwa bakin gada ina kallon motocin Kano.

Juma'a, 13 ga Mayu
Kasuwa. Na je wurin Uwa, mahaifiyata mutuniyar Darki, a layin hatsi don in gaya mata zan tafi. Sai na ɓige da ƙorafin mol. Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta awo. "Kai Gwadabe, wa ka taɓa gani yana ƙirga gero? Tsaba ta yi yawa, sai a kawo mudu." Ta nuna tarin gabanta: a ciki ake ɗiba, mudu-mudu, har ya ƙare. Tarin ba ya ƙaruwa.
Ashe rabawa ake yi. Wata guda ina ninkawa!
Wai kuma, "Shi mudun malamin naku, ana gyara?"

Asabar, 14 ga Mayu
1.204 × 10²⁴, a raba da lambar. Mudu biyu. Mol biyu, nake nufi. Na yi irin wannan lissafi guda goma sha ɗaya, na kasa zama wuri ɗaya.

Litinin, 16 ga Mayu
An yi. Sai jiran sakamakon gwajin.

Laraba, 18 ga Mayu
Takwas cikin goma. Malam ya tambayi wanda ya koya mini, na ce wata malama ce daga Darki. Ba wai na fasa Kano ba ne. Rigunan dai na fito da su daga akwati, kada su yi wari. Haladu zai ji daga gare ni, in na samu lokaci. Gobe akwai sabon babi.